Huɗu, Shida, Bakwai

A Kandi aka fara cutata, kuma ni na ba da ƙofa.

Shekaru kaɗan ne bayan samun mulkin kai. Na fito daga Gaya, na ƙetare gadar Malanbil a bayan wani kamyo, wato babbar mota, mai ɗauke da buhunan gyaɗa, zan shiga ƙasar Dahome neman yayana Saini. Shekararsa uku da tafiya aikin jirgin ƙasa, idon Innarmu kuma ya soma rufewa. Na dama ya riga ya mutu, na hagu inuwa kawai yake gani. Saƙonta guda ne: in kawo mata Saini ta gan shi kafin sauran hasken ya tafi.

Mun yi magana da direba cewa zan taya lodi da sauke kaya, shi kuma ya kai ni Faraku, inda layin dogo ya ƙare. Na yi lodi a Malanbil har kafaɗata ta saluɓe. A Kandi taya ta fashe, muka sauke rabin kaya, aka gyara, muka mayar. Kafin mu gama azahar ta yi. Na ce zan yi salla.

Direba ya ce, "Je ka, malam, ka sa mu a addu'a."

Ina da wani hali tun ina ƙarami. In na yi alwala sai in ji kamar ban kai ruwa gwiwar hannu ba, in sake. In na rufe ƙofa sai na koma na taɓa ta. A lakwal ma, wato makarantar boko, takardata ce ta ƙarshe wajen karɓa, don sai na karanta ta sau uku. Ran nan alwala uku na yi. Da na sallame na dawo, babu komai a inda kamyo yake sai baƙin mai da ya ɗiga a ƙasa. Ƙunshina ya tafi tare da shi, da bargo da riga da busasshen kifin da Inna ta ɗaure wa Saini. Sartifikata, takardar shaidar gama lakwal, ita kaɗai ta tsira, don a cikin hula na naɗe ta.

Wata dattijuwa mai soya doya a bakin hanya ta ga duk abin da ya faru. Ta yi mini magana da Dendi, harshen gidanmu, har na ji ƙwalla ta taho.

Ta ce, "Ɗana, wannan direban ba ya jiran kowa ya sallame. Lodi yake so, ba mutum ba. Zauna ka ci."

Kwana uku na yi ina faskara mata itace, ina kwana a zaurenta. A rana ta huɗu ta tare wani kamyon albasa, ta kama hannun direban, ta ce in bai kai ni Faraku ba kada ya ƙara tsayawa cin doyarta. Ban tambayi sunanta ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da nake juyawa a raina.

A Faraku na fara ganin jirgin ƙasa. Ban ji daɗin ganinsa ba. Baƙi ne, yana huci, mutane suna gudu a gabansa da bayansa kamar bayinsa. Kwana biyu ina zagaya tasha ina tambaya. Mai gadi ya kore ni sau biyu, na biyun da sanda. Sai a rana ta uku na ji wani mai sharar wago, wato taragon jirgi, yana waƙa da Hausa irin ta wajenmu. Mutumin Karakara ne. Na faɗa masa sunan yayana.

Ya ce, "Saini mai tari?"

Nan na fara jin maganar tarin.

Ya ce an kai shi wata 'yar tasha a cikin daji, can kudu, wadda mutanenmu suke kira Tsamiya Biyu. Babu rijiya a wurin, jirgi ke kai ruwa a duro. Ya roƙar mini mai kula da wagon ruwan, aka yarda in hau in riƙa mirgina duro a kowace tasha. Duk hanyar ina tsoron kada a tambaye ni tikiti, har na shirya jawabin da zan yi da Faransanci. Ba wanda ya ko dube ni.

Tsamiya Biyu ba gari ba ne. Ɗaki ɗaya ne na kwano, da tsamiyoyi biyu, da wurin da dogo ya rabu biyu don jirgi ya ba ɗan'uwansa hanya. Ƙauye mafi kusa tafiyar awa guda ne. Mutum ɗaya ke zaune a wurin, yana juya ƙarfen da ke sauya wa jirgi hanya, yana amsa talho, wato wayar tarho. Mutumin da na gani tsaye da tuta a hannu, da ba don tsayinsa ba, da ban ce Saini ba ne. Saini da yake ɗaga kwalekwale shi kaɗai ya kifa a bakin kogi, yanzu wuyan riga ya yi masa yawa, ƙafafunsa sun kumbura.

Ya dube ni, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Mudi! Sarkin damuwa! Wa ya rufe maka ƙofar gida da ka fito? Ka tabbata ka taɓa ta?"

"Yaya, ba ka da lafiya."

"Kai kuma ba ka da gaisuwa. Ina Inna?"

Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallon dogo. Sannan ya ce ba zai iya barin wurin ba sai an turo mai canjinsa. Ya rubuta takarda sau uku, an ce sai kakar gyaɗa ta wuce, babu mutum. In ya tafi haka kawai, jirage biyu za su iya haɗuwa a hanya ɗaya, kuma shi za a ɗaure.

"Wagon mutane fa ake ja a baya, Mudi. Mata da goyo. In tafi in bar su?"

Muna cikin magana sai wani akwatin katako da ke maƙale a bango, sama da talho, ya soma ƙas-ƙas-ƙas kamar agogo. Na zabura.

"Yaya, ana kiranka!"

Bai motsa ba. Ya ɗaga yatsa yana saurare. Ƙarar ta yi, ta tsaya, ta sake yi, ta tsaya, ta sake. Daga nan shiru.

Ya ce, "Ba nawa ba ne. Na Mushe Dosu ne, tasha ta gaba ta wajen arewa. Uku, tara, biyar. Zo ka gani, ɗan lakwal, yau ni zan koya maka."

Ya buɗe akwatin. A ciki akwai 'yar ƙaramar ƙafa ta ƙarfe mai haƙora, ba ta kai tafin hannu ba, an rufe ta da gilashi.

"Ka tuna mamarin Baba na kamun kifi? Igiya ɗaya, ƙugiya da yawa. Haka wayar nan take. Tun daga babban ofis har ƙarshen dogo ita ce guda, kowace tasha a jikinta take rataye. A ofis akwai mutum zaune, ana ce masa regilatar, shi ke faɗa wa kowane jirgi ya tafi ko ya tsaya. To, da ƙararrawa ɗaya ce ga kowa, duk kiran da ya yi sai tasha ashirin su tashi tare. Shi ya sa aka ba kowa ƙirgensa. Yana da makulli na kowace tasha. In ya murɗa nawa, sai wuta ta biyo waya tana bugawa: huɗu, ta huta, shida, ta huta, bakwai. Goma sha bakwai ke nan. Na kowa goma sha bakwai ne, rabon ne ya bambanta."

"To ta yaya akwatin ya san naka ne?"

"Bai san komai ba, jaki ne kamar ni. Duba nan. Kowane bugu, ƙafar nan tana matsawa haƙori ɗaya, a nan da kowace tasha, duka tare. Da bugu ya huta sai ta koma inda ta fito, sai fa in akwai ɗan ƙusa da ya riƙe ta a daidai wurin. Tawa tana da ƙusa a haƙori na huɗu, tana da wani a na goma. In an buga huɗu an huta, ta kowa ta koma, tawa ta tsaya. A ƙara shida, ta kai goma, ta sake tsayawa. A ƙara bakwai, ta kai ƙarshe, ta taɓa wancan ƙarfen, ƙararrawa ta tashi. Tawa ni kaɗai."

"In ƙusan ya karye fa? In ta tsallake haƙori?"

"Na san za ka tambaya! Ba ya karyewa. Zanzaro ne kawai ya taɓa yin gini a ciki, kwana biyu ba a same ni ba. Kuma duk lokacin da ƙararrawa ke bugawa, wani gurnani yana shiga waya, zuuu, don regilatar ya san kiransa ya isa. Kai kuma in kana son shi, ba ka da makulli. Ɗaga talho kawai za ka yi ka yi magana, kunnensa kullum a kan waya yake. Amma ka sani, duk wanda ya ɗaga a kowace tasha yana jin ka. Ba a sirri a wayar nan."

Washegari ya fito da dabararsa. Mushe Dosu (Mushe shi ne malam da Faransanci), shef, wato shugaban tasha ta gaba, yana neman mai kunna fitilu da shara wanda ya iya karatu. In na zauna wurinsa wata uku na koyi aikin, za a gwada ni a ba ni takardar izinin amsa talho da juya ƙarfe. Da takardar zan zo in zauna a Tsamiya Biyu, shi ya je ya ga Inna ya nemi magani. Na ce gara in zauna tare da shi in riƙa dafa masa abinci. Ya ce duron ruwa na mutum ɗaya ne, kuma zama da shi ba zai ba ni takarda ba.

"Ba nisa, Mudi. Kilo ashirin da wani abu. Kuma za ka riƙa jin labarina kyauta. In ka ji huɗu, shida, bakwai sau ɗaya, sannan shiru, to na ɗauka, ina raye, ina zagin regilatar a zuci."

Mushe Dosu mutumin kudu ne, gajere, mai farar riga da ba ta taɓa yin datti. Ba mugu ba ne, amma doka ita ce addininsa. Ranar da na isa ya karanta sartifikata gaba da baya, ya kai ni gaban talho, ya nuna shi da alƙalami.

Ya ce, "Wannan ba na mai shara ba ne. Ran da ka taɓa shi ba takarda, ran nan za ka bar nan, kuma ba tashar da za ta ƙara ɗaukarka. Ka ji?"

"Na ji, Mushe."

"Maimaita."

Na maimaita. Ya sa na sa hannu a wata takarda da ta faɗi haka.

Wata biyu na yi a wurin. Ina goge fitilu, ina shara, ina bin Mushe Dosu ina kallon yadda yake juya ƙarfe. Da yamma ina haddace littafin doka. A garin babu mai jin Dendi ko Hausa. In na je kasuwa sai in nuna abu da yatsa, mata suna dariya. Tuwonsu tsami, miyarsu manja. Babu kogi. Wani lokaci sai in farka ina jin ƙamshin kifin da ake banda a bayan gidanmu, in tashi in ga hayaƙin jirgi ne.

Abin da ya riƙe ni shi ne akwatin da ke bango. Duk inda nake a tashar, kunnena yana kansa. Na haddace ƙirgen tashoshi duka ba tare da na yi niyya ba. Huɗu, shida, bakwai yakan zo sau biyar ko shida a yini. Sai in tsaya da tsintsiya a hannu in jira. In shiru ya biyo baya, sai in ci gaba da shara. Ranar da jirgin ruwan duro zai wuce ina ba mai wagon ƙullin gari da kuka ya kai masa. Waya ɗaya ta haɗa ɗakinsa da namu, amma ban taɓa jin muryarsa a cikinta ba. Sau ɗaya dai Mushe Dosu ya ajiye talho yana murmushi.

Ya ce, "Yayanka ya ce ka daina ƙirga, ka ci abinci." Murmushin ya gushe. "Tarinsa ya fi na da."

Na roƙe shi a gwada ni da wuri. Ya ce doka ta ce wata uku.

Wata Talata aka yi wa Mushe Dosu rasuwa a wani gari. Ya nemi izini, aka ce a rufe tasharmu na yini ɗaya. Ya kulle ƙarfen hanya yadda jirgi zai wuce kai tsaye, ya hau jirgin safe, ya ce zai dawo a na yamma. Ni aikina gadi.

Da hantsi ina goge gilashin fitila sai akwati ya soma. Huɗu. Shida. Bakwai. Na jira shirun, ya zo. Na ci gaba da aiki.

Ban gama fitilar ba ya sake. Huɗu, shida, bakwai.

Na ce watakila yana wajen ƙarfe, bai ji ba. Da aka yi na uku na ce ya zaga bayan tsamiya ne. Da aka yi na huɗu na ɗauki gawayi na yi zane huɗu a bango, don kada in ruɗe a ƙirge. Ban san amfanin da zanen zai yi ba. Hannuna ne ya nemi abin yi.

Na je gaban talho na tsaya. In na ɗaga na saurara lokacin da ake kira, zan san abu ɗaya. In babu gurnani, akwatinsa ne ya lalace, zanzaro ne, Saini yana zaune lafiya bai san ana nemansa ba. In akwai gurnani, ƙararrawa tana bugawa a kansa kuma bai tashi ba. Amma in na ɗaga, regilatar zai iya jin an ɗaga. In aka kore ni babu takarda, babu mai canji, Saini zai zauna a dajin har tarin ya gama da shi, Inna kuma ba za ta gan shi ba. Saura wata ɗaya kacal. In ɓata wata biyu saboda zanzaro? Na tuna dariyar da zai yi mini. Sarkin damuwa.

Na koma na ɗauki tsintsiya. Na biyar ya zo.

Na yi tunanin in bi dogo da ƙafa. Kilo ashirin da wani abu, sai la'asar zan isa, kuma na bar tashar da aka ba ni gadi. Wannan ma kora ce. Na fita har bakin dogo, na dawo. Na sake fita, na dawo don ban tabbata na rufe ɗakin fitilu ba. A rufe yake.

Shida. Bakwai. Tsakanin kira da kira yana ƙara tsawo, kamar mai kiran ya soma gajiya. Na miƙa hannu sau biyu, har yatsana ya taɓa ƙarfen, na janye. Ina karanta duk addu'ar da na sani. Inuwar ɗakin ta janye daga bakin dogo ta dawo gindin bango, ina tsaye a wuri ɗaya. Zane goma a bango.

Da na goma sha ɗaya ya soma, rana ta riga ta karkata. Ban yanke shawara ba. Na dai ga talho a kunnena. Bugun ya ƙare, sai na ji shi.

Zuuu.

Ya daɗe yana yi. Sannan na ji muryar regilatar, nesa, tana magana da wani a ofis da Faransanci.

"Ƙararrawa tana bugawa, mutumin ne ba ya nan. Ya tafi ƙauye shan bammi. Rubuta ya gudu daga aiki."

Na ce, "Mushe, ba ya sha. Ba shi da lafiya."

Muryar ta ce, "Wa ke magana?"

"Mudi ne, Mushe, mai fitila, tashar Mushe Dosu. Yayana ne. Yana tarin jini. A taimaka a tura wani."

"Mai fitila? Tashar nan a rufe take. Wa ya ba ka izinin taɓa talho?"

"Babu, Mushe."

"To sauka daga waya. Wannan ta jirgi ce, ba ta gaisuwar dangi ba. Na rubuta sunanka."

Ban sauka ba. Faransancin da na ci sartifika da shi ya gudu ya bar ni. Ina jin ƙananan ƙararraki a waya, tashoshi suna ɗagawa suna saurare, ba mai magana. Sai wata murya mai kauri ta shigo, ta dattijo.

"Regilatar, Woru ne, shugaban masu gyaran dogo. Muna kilo uku arewa da tashar Dosu." Masu gyara suna yawo da talho na hannu da suke maƙalawa a waya da doguwar sanda, ashe yana ji. "In Tsamiya Biyu ba ta amsa ba, wa zai duba maka ƙarfen hanya kafin jirgin yamma? Ko za ka tura shi da mutane a ciki ido rufe? Ba ni hanya in sa keke a dogo in je in gani."

Regilatar ya yi gunaguni, ya ba shi awa biyu. Kafin dattijon ya sauka sai ya juya harshe, ya ce da Dendi, "Ɗan Gaya, fito bakin dogo. Ka ɗauko ruwa."

Keken dogo faifan katako ne a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, mutum biyu suna turawa da gudu, in ya ɗauki hanya su ɗale. Baba Woru yana zaune a gaba da jar tuta, tsoho mai tsage a fuska. Ya matsa mini wuri. Da masu turawa suka gaji na sauka na tura, ba takalmi, duwatsun dogo suna yanka ni, ban ji ba sai daga baya.

Tun daga nesa muka ga tsamiyoyin. Babu kowa a waje. An juya ƙarfen hanya daidai, an kulle, tuta tana jingine a bakin ƙofa.

Yana kwance a ƙasa, ƙarƙashin talho, a kan gefensa. Daga tabarmarsa zuwa wurin akwai sawun jan jiki a ƙasa, da jini. Ya kai bango. Talhon yana sama da shi kamu uku.

Na kira shi, na girgiza shi. Baba Woru ya janye ni a hankali, ya durƙusa, ya sa kunne a ƙirjinsa, ya sa hannu a hammatarsa. Ya daɗe. Sannan ya yi salati.

Ya ce, "Da ɗuminsa. Bai daɗe ba."

Don ya kwantar mini da hankali ya faɗa. Bai san tun yaushe nake ƙirga ba.

Ni na rufe masa ido. Muna cikin haka akwatin da ke bisa kanmu ya soma ƙas-ƙas, ƙararrawa ta tashi. Ban taɓa jin ta kusa haka ba, har cikin haƙorana. Baba Woru ya miƙe ya ɗaga.

Ya ce, "Hanya lafiya, ya kulle ta kafin ya faɗi. Mutuminka bai gudu ba. Ka goge abin da ka rubuta."

Da ruwan duro muka yi masa wanka. Likkafani rawanin Baba Woru ne da wani farin zane da muka samu a akwatinsa, sabo, har da takardar kanti a jiki, da alama Inna ya saya wa. Mu huɗu muka yi masa salla. Masu gyara suka haƙa kabarin da digarsu a gindin tsamiya ta gabas. Muna mayar da ƙasa jirgin yamma ya wuce, mutane suna leƙowa ta taga, wata mata tana cin ayaba.

Washegari, a jirgin farko, aka sauke mai canji. Wani saurayi ne da akwatin kwano da gidan sauro. Ya tambaye ni ko ɗakin yana zuba.

Da na koma tasharmu, Mushe Dosu bai ɗaga murya ba. Ya ce an aiko da sunana daga ofis, ba yadda zai yi. Ya mayar mini da sartifikata, ya ba ni takalminsa na biyu don ya ga ƙafafuna. Ya ga zanen gawayi a bango, ya ƙirga da ido, ya dube ni.

Hanyar komawa ba ni da abin faɗa a kanta. A Kandi ban sauka daga kamyo ba. Na ga hayaƙin doyar dattijuwar, na sunkuyar da kai, don na san za ta tambaye ni ko na same shi.

Labari ya riga ni isa Gaya, direbobi sun kai. An yi zaman makoki an tashi. Na tarar da Inna a bakin ɗakinta, a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe ta. Ta miƙo hannu biyu ta kama fuskata, tana shafawa, daga goshi zuwa haɓa.

"Mudi. Ka rame."

"Inna, ban kawo shi ba."

"An faɗa mini. Wa ya rufe masa ido?"

"Ni."

"Alhamdu lillahi. An yi masa salla?"

"An yi. Mu huɗu."

Ta gyaɗa kai. Hannunta yana kan kumatuna. Na yi zaton ta gama.

"Ya daɗe shi kaɗai?"

Duk hanya na shirya abin da zan ce in ta yi wannan tambayar. Mutumin Karakara ma, da na sake ganinsa a Faraku, ya ce in ce mata a hannuna ya cika, Allah ba zai kama ni ba. Na buɗe baki in faɗi hakan, ya ƙi fita.

"Daga hantsi zuwa bayan azahar."

"Kai kana ina?"

"Ina tasha ta gaba, Inna. Ina jin ana kiransa bai amsa ba. Ina tsaye gaban talho, ina ƙirga."

Ba ta san mene ne talho ba, ba ta kuma tambaya ba. Yatsunta suka tsaya a fuskata. Sannan ta sauke hannuwanta, ta ɗora su a cinya, ta juya kai wajen madafa.

Ta ce, "A kawo masa ruwa. Ya sha hanya."